Kafin In Ƙarasa Tambayata

Mai filin shawara, ki taimake ni da abin yi kafin ranar Alhamis, don in na biye wa zuciyata zan yi ɓarnar da za a daɗe ana gyara. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Da hannun hagu nake latsa waya, kuma rubutu ne kaɗai wurin da ya rage mini da ba a katse ni.

Ni tsohuwar shugabar makarantar sakandare ce. Shekarun baya ɓarin jikina na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, magana ma ta dawo, sai dai a hankali take tafe. Kalmar tana nan cikin kaina sarai, amma kafin ta iso baki sai ta tsaya a hanya. In an jira, tana zuwa. Mutane ne ba sa jira. Ni da a da in na tsaya a taron safe ko tari ba a yi, yau in na ce wa maigidana "miƙo mini", kafin in ƙarasa ya kawo kofi, alhali tabarau nake so.

Asibitin da na yi jinya za su ɗauki masanin halayyar ɗan'adam a sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda zai riƙa zama da irinmu, masu kuka ba dalili, masu mantuwa, waɗanda suka farka suka tarar ba su ne na jiya ba. Babban likitan sashen da kansa ya kira ni, wai suna son wadda ta ɗanɗana ciwon ta zauna a kwamitin intabiyu. Na ji daɗi har na sa aka goge mini mayafin da rabona da shi tun ina aiki. Malamai nawa na ɗauka aiki a rayuwata? Abin ba baƙona ba ne.

Aka zaunar da mu a ɗakin taro mai dogon tebur: likita a tsakiya, shugabar nas-nas a gefensa, jami'in ma'aikata ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa, ni kuma can ƙarshe kusa da wani firij da ke ta gurnani. Ƙa'idar ita ce kowannenmu tambaya ɗaya, kuma ita ɗin dai zai yi wa duk mai neman aikin. Tawa na daɗe ina juya ta: idan majinyaci ya ce maka ya gaji da rayuwa, me za ka ce masa? Ba a littafi na samo ta ba. A ƙungiyarmu ta masu wannan ciwo, da wuya ki sami wanda bai taɓa faɗa ba, ko da matashin kai ne kaɗai ya ji shi.

Mutum biyu suka rage. Na farko matashi ne, wuyan rigarsa sharkaf da gumi. Tambayar likita ta ba shi wuya, har ya ce akwai wani gwajin tunani da bai taɓa yi wa majinyaci ba. Da aka zo kaina na fara, ina kaiwa "ya gaji da" sai kalmar ta maƙale. Bawan Allah nan ya ajiye alƙalaminsa, ya dube ni, ya yi shiru. Jami'i na ta leƙen agogo, shi ko a jikinsa. Har kalmar ta iso. Amsarsa ba wata ta burgewa ba ce. Cewa ya yi ba zai yi saurin ba mutumin haƙuri ba, zai fara tambayarsa tun yaushe yake jin haka, da kuma ko ya taɓa tunanin cutar da kansa.

Ta biyu gogaggiya ce, ta daɗe a irin wannan sashe, baki kamar rediyo. Ta amsa wa kowa har likita na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na fara tawa, na sake maƙalewa a wuri ɗaya. Ko numfashi ban ja ba ta yi murmushi ta ce, "Mama, kada ki wahalar da kanki, na gane, ya gaji da shan magani." Ta kama zuba bayani kan yadda ake lallashin majinyaci ya haɗiyi ƙwaya. Na ɗaga hannu in tsayar da ita, sai shugabar nas-nas ta miƙo mini ruwa, wai ta zaci shaƙewa na yi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Su ukun nan sun ji tambayata cikakkiya ɗazu, sun san ba ita aka amsa ba, amma suka zuba mata maki. Da na yi magana, likita ya ce, "Mama, ai amsar da ta bayar ma mai amfani ce, kada ki tayar da hawan jininki." Ya juya ya raɗa wa ta gefensa cewa saurin fushi yana cikin alamomin ciwon. Kunnena bai shanye ba! Wato ko haushina ma ba nawa ba ne, na ciwo ne. Na buga sandata na fice, ban ba kowa maki ba.

Maigidana cewa ya yi, "Shugaba, nan fa ba makarantarki ba ce, ki bar wa masu asibiti asibitinsu." Ranar Alhamis kwamitin zai zauna a tabbatar da ɗaukar matar. Niyyata kada in je, in kuma gaya wa 'yan ƙungiyarmu kada wanda ya taka ofishinta. Ado suka ɗauke ni a teburin nan, kamar furen roba. Ko kina ganin akwai abin da ya fi haka?

Mai Magana a Hankali

Malama Shugaba,

Fushinki naki ne, kuma yana da dalili. Duk mai lafiyar da aka ƙarasa wa maganar da bai yi ba, aka kuma yaba wa wanda ya ƙarasa, zai ji abin da kika ji. Likitan ya yi miki laifi biyu: ya bar ƙa'ida ta karye a gabansa, sannan ya mayar da ƙorafinki ciwo don ya huta da amsa shi. Na biyun ya fi muni.

Amma niyyar taki ba shi za ta sama ba. In kin ƙi zuwa, kin sauƙaƙa musu, za a tabbatar cikin ruwan sanyi a ce Mama ba ta ji daɗi ba ne. In kuma kin hana 'yan ƙungiyarku zuwa, wanda ya gaji ɗin nan da kike yi wa tambaya shi zai rasa wurin faɗa.

Ki yi wa mutanen biyu adalci irin wanda kike yi wa malamai. Matashin ya iya jira, amsarsa ma ta fi yadda kika ɗauke ta, domin ya nufi inda haɗarin yake. Sai dai aikin ba jira kaɗai ba ne. Akwai auna mantuwa da tunani, kuma da bakinsa ya ce da saura a wurinsa. Ita kuma matar ta yi kuskure babba, a aikin da rabinsa sauraro ne. To amma a ɗakin intabiyu ta yi shi, agogo na gabanta, kuma har yau ba wanda ya san amsarta, tunda ba ta ji tambayar ba. Ita ma an tauye ta.

Nan ƙarfinki yake. Tun yau ki aika wa likitan saƙo gajere, babu zafi a ciki: an yi wa ɗaya tambayar, ba a yi wa ɗaya ba, don haka makin ba su zama ɗaya ba, kina neman a sake kiranta kafin a yanke. Jami'in ma'aikata ya fi kowa sanin cewa wannan ba maganar son rai ba ce. Ki sa sharaɗi guda: in kin ɗaga hannu, ba mai magana sai kin sauke.

In ta zo, ki gaya mata abin da ya faru ba kwana-kwana, ki duba yadda za ta karɓa. Wadda ta ji kunya ta saurara za ta iya gyarawa, ki ba ta makinta da zuciya ɗaya. Wadda ta kama kare kanta kuwa, ki faɗi ra'ayinki, ki nemi a rubuta shi. Mai yiwuwa duk da haka su rinjaye ki, wannan kuma haƙƙin kwamiti ne. Abin da ba haƙƙinsu ba shi ne su yanke kamar ba ki nan.

Abu ɗaya kuma tsakanina da ke. Idan gajiyar nan tana kawo miki ziyara har yanzu, kada ki jira sai an ɗauki ma'aikaci. Ki gaya wa likitan da kika yarda da shi cikin makon nan, ki gaya wa maigidanki, ki roƙe shi ya zauna ya ji har ƙarshe.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zuciyarki. Ranar Alhamis ki je, ki ja kujerarki tsakiyar teburin, ki yi tambayarki tun daga farko. Komai daɗewar da za ta yi, su jira.