Layin da Zan Tsaya Ranar Asabar

Dutse Uku, Jos.

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Balaraba da yara duka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka na can Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya, sai dai ƙorafinta ɗaya ne kullum, wai ka mayar da ita uwar waya. Damina ta yi ƙarfi bana, sanyin Jos kuwa ka san halinsa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar zance za ka ce in yi haƙuri in bi manya, ni kuma in ce to, in ajiye waya ina cizon yatsa. Wannan karon ina so ka ji ni har ƙarshe, don kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga, zama ma ya gagare ni.

Ranar Asabar jam'iyyarmu za ta fitar da ɗan takarar kansila na mazaɓarmu, kuma ƙato bayan ƙato za a yi. Babu takarda, babu labule. Kowa zai je ya tsaya a bayan wanda yake so, rana tsaka, unguwa tana kallo. Mutum biyu ne. Akwai Shu'aibu mai taya, ɗan layinmu da ka sani tun yana yawo ba takalmi. Akwai kuma Malam Rwang, tsohon hedimastan da ya koya mana lissafi da bulala. Ni tun kafin azumi na je gidan Malam Rwang da ƙafata, na ce masa in ya fito ina bayansa. Ba wanda ya tura ni, bai kuma roƙe ni ba.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Shekara shida yana shugabantar 'yan sintirin unguwa, ban taɓa jin an ce ya duba addinin ɓarawo kafin ya kama shi ba. Da aka samu ɗan ƙanensa, wanda shi ma ɗan sintiri ne, yana tsare masu keke yana cin zalinsu, shi da kansa ya karɓe masa riga da sanda a gaban jama'a. Gidansa a kame yake, 'ya'yansa suna durƙusa wa manya, ba ya fashin coci, ba kuma tun da ya fara neman kujera ya san hanyarta ba. Shu'aibu fa? Ban ce mugu ba ne, Allah ya sani. Amma sahun farko bai san fuskarsa ba sai da aka buga masa fosta. Yanzu har carbi gare shi mai tsawo, in yana ja sai ka ce liman ne ya yi baƙo. Samarin da ke bin motarsa kuwa su ne waɗanda muke kora daga bakin masallaci saboda shaye-shaye.

To, ranar Juma'a bayan la'asar Baffa Ilu ya tara mu a zaurensa, mu magidanta kusan ashirin. Ya yi magana mai tsawo, kuma ba zan zalunce shi ba, maganar tana da nauyi. Ya tuna mana shekarar da aka ƙone shagon Baba, da waɗanda muka binne, ya ce duk wanda ba shi da nasa a wurin da ake yanke shawara to da shi za a yi miya. Ni ma ina wurin a wancan lokaci, ban manta komai ba. Sai ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, ya ce kowa ya yi alwala ya dafa, ya rantse bayan Shu'aibu zai tsaya. Aka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Har da Malam Ɗanjuma tela, wanda shekaranjiyar ranar ya gama faɗa mini Shu'aibu ko akuya ba zai ba shi kiwo ba.

Da layi ya zo kaina sai na durƙusa na ce Baffa ya yafe mini, ba zan dafa ba. Na ce na riga na ba wani kalmata, kuma Littafin Allah ya fi ƙarfin a ɗauko shi saboda kujerar kansila. Na ce shi Baffan ne ya koya mana cewa namiji bakinsa ne rantsuwarsa, wanda sai an dafa masa littafi kafin a yarda da shi to dama ba abin yarda ba ne. Wannan ta ƙarshen ce na yi da-na-sanin faɗa, don mutum goma sha ɗaya sun riga sun dafa, duk suka sunkuyar da kai. Ka san bakina, in ya buɗe ba ya neman shawarata.

Baffa bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya nema mini aure. Ya ce in har idonsa ya gan ni ranar Asabar a bayan Rwang, kada in ƙara taka zaurensa, ranar da ya mutu kuma kada in sa hannu a makararsa. Wallahi Yaya, na fito ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Tun ranar shawara ake kawo mini iri-iri. Matata Sa'adatu ta ce in tafi Bauchi ranar Juma'a, in ce ɗaurin aure ne. Inna ta ce in kwanta in ja bargo, zazzaɓi ba ya neman shaida. Shi kansa Malam Rwang da labari ya kai masa, ya turo matarsa Firisila wurin Sa'adatu, wai a gaya mini ya sauke mini alkawarin, kada in rabu da ubana saboda shi. Wannan saƙon ya fi komai tayar mini da hankali. Mutumin da zai yafe ƙuri'a don kada gidan wani ya tsage, shi zan bari in ɓuya a bargo? Kullum muna zaune a majalisa muna zagin shugabanni, wai ba su da alkawari, ba su tsoron Allah. Daga ina suke fitowa in ba daga irin zaurukanmu ba? Mutanen layinmu da yawa ni suke kallo su ga inda zan tsaya. In na gudu, na koya musu gudu.

Na yi istihara, na kuma tambayi malami ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce biyayya ga Baffa wajibi ce a kaina, amma ba ta kai ga saɓa alkawari ko shaidar abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Don haka zan je, zan tsaya bayan Malam Rwang. Wataƙila ma ya faɗi, don mutanen Shu'aibu sun fi yawa. Kafin in tafi filin zan biya in gaishe da Baffa kamar kullum, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Ba izini nake nema ba, Yaya, kuma kada ka kira shi ka ba shi haƙuri a madadina, zai ɗauka na karaya. Abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar Talata ni nake kai shi asibiti awon hawan jini, ni nake riƙe da katinsa, ni na san ƙwayar da yake ɓoyewa a aljihu ya ce ya sha. In ya rufe mini ƙofa ba zai gaya wa kowa yana bukatar rakiya ba, ka san shi. Ka kira Yaya Hadiza ka sa mijinta ya karɓi wannan aiki, a ce shawararka ce. Zan bar katin a wurin Inna.

Ka gaishe da Yaya Balaraba, da Mujahid da Ummulkhairi. Inna da Sa'adatu suna gaishe ku. Ka sa ni a addu'a ranar Asabar, ka sa Baffa ma, don shi ne zai tsaya yana kallo.

Ƙaninka,
Sabi'u