Inna, Na Tumɓuke Zaƙaminki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Dije.

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, daga ɗakinki na unguwar Tandabawi, nan kusa da Harami. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma na aikata abin da ba zan iya ɓoye miki ba. Na tumɓuke zaƙamin da kika shuka a bayan ɗaki.

Na san matsayin shukar nan a wurinki. Kin sha ba mu labarin yadda kika ƙulle irinta a bakin zane tun daga Kano, kika ratsa Wadai da ƙasar Sudan a ƙafa, kika haye teku da ita. A garin nan da ruwa yake wuya, ragowar na alwalarki kike tara mata. Tsofaffin unguwa masu ciwon fuka kuwa ganyenta kike busarwa ki turara musu. Kullum kina faɗa cewa ganye na mai ciwo ne, 'ya'yan kuwa ko akuya kada ta kusance su. Ranar da jiki ya tsananta, kika riƙe hannuna kika ce, “Rabi, kada ki bari ta mutu.”

To, Inna, batun Sani ne. Autanki, mai gemu yanzu, yana nan da sana'arsa ta ga-ruwa, daga bazan, matattarar ruwan da ake ɗiba, zuwa gidajen mutane. Bayan rasuwarki wani cikin 'yan dako ya ba shi labarin yadda samari a can gida suke jefa 'ya'yan zaƙami a fura ranar wasa don su yi gane-gane. Shi ke nan, ya fara sha a shayi.

Da na tsare shi, sai ya kawo mini wai matuƙan jirgin ruwa a Jidda sun ce akwai wasu mutane a bayan teku masu tauna wani tsiro mai ƙaya, marar ganye, a wurin bautarsu, su ga kakanninsu. Na ce su ta shafa, mu da muke jiyo kiran sallar Harami daga tsakar gida. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ke yake gani. Wai kina zaune a tabarmarki kina tsince shinkafa, har kina yi masa faɗan bai ci abinci ba.

Ga laifina kuma. Ke kika raine mu da tsoron tsiron Harami, ko ciyawa ba a cirewa. Ban manta ranar da kika buge mini hannu a hanyar Muzdalifa don na karya reshen ƙaya ba. Zaƙaminki ya zubar da iri, wasu sun fito da kansu a gindin katanga, ni kuwa na ɗauka sun zama na Harami, taɓa su zunubi ne. Ga kuma wasiyyarki. Shekara guda cur ina kallonsu suna fure, ina kallon Sani yana ramewa, ina ta addu'a kawai.

Watan jiya, bayan azahar, rana kamar ta fasa dutse, aka zo aka ce in je hanyar Mansur. Na same shi ba takalmi, ya yar da garwaninsa, yana tsintar abin da babu a jikin bango, yana hira da ke. Na kira sunansa sau uku, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai da maza huɗu suka ɗauko shi. Tafin ƙafarsa duk ya saluɓe, kuma kwana biyu ya yi bai san inda kansa yake ba.

Na saka mayafi na tafi wurin Malam Haruna, tsohon limaminmu. Ya ce abin da ɗan Adam ya kawo ya shuka ba ya cikin hanin, kuma abu mai cutarwa kawar da shi ake yi. Sannan ya tambaye ni ta bayan labule yadda aka yi na ji tsoron ciyawa shekara guda, ban ji tsoron ran ɗan'uwana ba. Na tashi na dawo gida cike da kunya.

Washegari da hantsi na ɗauki fartanyarki. Guda bakwai ne, na tone su har saiwa, na haɗa da irin da kika adana a gwangwani na cinna musu wuta. Ina yi ina kuka, amma hannuna bai tsaya ba. Hajiya Kulu mai fuka ta ce na tozarta ki. Na ba ta busasshen ganyen da ya rage, in ya ƙare ni da kaina zan kai ta wurin likita, ko a baya ne sai in goya ta.

Sani yana zaune a bakin ƙofa da ƙafafu a naɗe, bai hana ni ba. Sai da wutar ta mutu ya ce, “Yaya, yanzu a ina zan ga Inna?”

Kwana goma sha biyu ke nan bai yi mini magana ba. Ya yi ta fushinsa. Na gwammace ƙanen da yake gaba da ni amma ya san ko ni wace ce, a kan wanda bai gane ni ba. Jiya dai ya saɓa sandarsa da garwani yana ɗingishi, ɗibar farko kuwa a randata ya juye, sannan ya fita.

Na saɓa wasiyyarki, Inna, ki yafe mini. Amma ki sani, in wata ta sake tsirowa gobe, kafin ta yi ganye biyu zan cire ta.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya tsare wa Sani hankalinsa. Ya nuna masa fuskarki ta gaskiya a Aljanna, bayan ya tsufa ya ga jikokinsa. Amin.

'Yarki da ta ƙi jin magana sau ɗaya,
Rabi