Kar Ka Sake Hizge Memori

Yaya Yazid,

Na tahi Rabah. Kana kwana, ban tashe ka ba.

Jiya da la'asar na bar kwamfuta tana kwashe hotunan littahin da Kaka yar rubuta da hannunai, na tahi masallaci. Kai kuma kaz zo ka hizge memorin kamar mai tuge albasa, don ka sa naka na waƙoƙi. Hoto ɗari biyu da sha huɗu na ɗauka, shafi bayan shafi. Saba'in kaɗai sunka shiga. Memorin yanzu ko buɗewa ba shi yi, cewa shikai a goge shi. Wai kai na mai difloma ta kwamfuta, ni ɗan sakandare.

Ka san Kawu Maiturare. Yini ɗaya yab bari in taɓa littahin, shina zaune shina kallon yatsuna, kuma ya ce ba shi sake hiddo shi daga gafaka. Yau sai in koma Rabah wurinai in durƙusa.

Akwai wani memori cikin kwamfutar, na wasiƙun Kaka, bai gama kwashewa ba, mota kuma ba ta jirana. In dole sai ka cire, bari koren layin ya cika. Ka danna 'yar alamar da ke ƙasa kusa da agogo, ka zaɓi cirewa, ka jira ta ba ka izini. Ba a koya muku wanga ba, na sani.

Baba ya tambaye ni mi ya hana a nuna mai hotunan. Na ce kai ka da bayani. Shina zaure, ya ce ba shi hita sai ka tashi.

Sa'adu