Ɗan Gwaggona Ya Mayar Da Yunwar Gidanmu Fim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta kai inda ni kaina ban yarda da ita ba.

Ni mace ce, 'yar Tudun Wada, ina aure a Kiru. Akwai ɗan gwaggona daga wani ƙauye ta wajen Doguwa, maraya ne, Babanmu ya ɗauko shi ya riƙe har ya gama sakandare, kwano ɗaya suke ci da yayyena, Yaya muke ce masa. Yanzu yana Kano yana harkar fim. Watannin baya ya fitar da wani fim, babu waƙa babu rawa, ko ɗaga murya ba a yi, labarin wani manomi ne da damina ta ƙi masa, iyalinsa suka shiga yunwa suna ɓoyewa. Ƙila wasunku ma sun kalla, don na ga yabo a kwament, wannan ta ce ta sha kuka, wancan ya ce ina darakta ya samo wannan basira. Ni kuwa ban yi minti goma da kunnawa ba na gane, wallahi gidanmu ne. Yadda Innarmu take ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, da yadda Baba yake zama a ƙofar gida bayan azahar yana sakace alhali ko koko bai sha ba, har gyaran muryarsa, bai bar komai ba.

A Kano kuka ake yi, a garinmu kuwa kowa ya gane ko wane ne. Samarin majalisa sun sa wa Baba suna Mai Sakace, ranar kasuwa wani mahauci ya miƙa masa tsinke a gaban jama'a wai ya ƙara da wannan. Masu tausayin ma ba su fi sauƙi ba, wata maƙwabciya ta aiko da kwano biyu na masara wai a yafe musu ba su sani ba a lokacin, abin da ya wuce da daɗewa, yanzu muna cikin rufin asirinmu. Da surutun ya yi yawa Baba ya ce in kunna masa, ya kalla har ƙarshe bai motsa ba, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Ashe yaron nan yana lura." Tun ranar bai ƙara shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, daga masallaci sai ɗaki.

Na kira Yayan, ya ce ai bai ambaci sunan kowa ba, wai karrama Baba ya yi, wai mu mutanen ƙauye ba mu san fasaha ba. Na faɗa masa maganganu, ya kashe wayarsa.

To ga abin da bai saka a fim ɗin ba. A waccan shekarar ta yunwar damina ba ta ƙi mana ba, ruwa ya yi kyau. Baba ya sayar da san nomansa ya sayi takin zamani, ya jibge a ɗakin zaure inda Yaya yake kwana. Shi ya dinga ɗiba yana sayarwa yana cike buhunan da yashi, sai da aka kai gona aka kwance sannan aka gani. Masara ta tsaya ko gwiwa ba ta wuce ba. Baba ya tara mu ya ce duk wanda ya fitar da maganar nan bai yafe masa ba, ɗan ƙanwarsa ne kuma maraya. Haka muka ci gaba da raba ɗan abin da ya samu da shi. A fim ɗinsa kuwa babu ɗan riƙo a gidan, ruwan sama ya ɗora wa laifi.

Sati mai zuwa za a haska fim ɗin a wani ɗakin taro a Kano, za a karrama shi, har iyayen yarinyar da zai aura za su je. Niyyata in je in zauna a gaba, da an ba masu kallo damar magana in miƙe in faɗi sunana da sunan ubana, in tambaye shi ina labarin takin. So nake shi ma a nuna shi da baki, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Babban yayanmu ya ce shi zai kai ni da mashin ɗinsa ma in ta kama. Inna tana ta kuka wai kar in jawo wa kaina fushin uba, mijina kuma ya ce in na yi haka wanda bai san Baba ba ma yanzu zai san shi.

Na san Baba bai janye maganarsa ba, kuma na san ko na roƙe shi ba zai janye ba. Amma in na yi shiru, shi za a tafa wa, tsohona yana ɗaki ya kasa fita. Ku faɗa mini gaskiya, in je ko in haƙura? In kuma haƙurin ne, ta yaya ake yin sa?