Ya Tatse Mu, Ya Hana Mu Taɓa Linzami

"Duk wanda muka tura horon nan, idan ya dawo zai koya wa kowa, har masinja." Hajiya, wannan maganar Daraktanmu ce, da bakinsa, a gaban dukkan ma'aikata. Ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai kai ni gaban kwamitin ladabtarwa.

Ina aiki a sashen fansho na wata hukumar gwamnati, kuma a kan teburin nan furfura ta same ni. Bara aka kawo tsarin haɗa manhaja ba sai mutum ya iya rubutun masana kwamfuta ba: ka jawo akwati a allo, ka ajiye, ka haɗa shi da wani da kibiya, aiki ya tafi. Aka ce kowa zai iya. Na nemi a tura ni horon. Sai aka tura abokin aikinmu da muke kira Na-Oga, saboda ko tari Darakta ya yi, shi ne farkon mai cewa sannu.

Ya dawo da jaka mai tambari da sabon salon tafiya. Aka sa mana "zaman musayar ilimi" duk Alhamis. Musaya fa, Hajiya! Shi ke riƙe da linzamin kwamfuta, mu ke magana. Yana Yaya kaza, Yaya kaza, yana tambayata yadda nake yi idan sunan mamaci ya saɓa a takardunsa, ko idan magada suka rabu biyu. Ni kuma sakarya ina ta zuba. Da na ce ya nuna mini yadda ake jawo akwatin, sai intanet ta ɗauke, ko lasisin manhajar na mutum ɗaya ne, ko lokacin salla ya yi.

Makon jiya ya haska abin da ya haɗa a bango. Sai ga maganar da nake kwantar wa matan mamata hankali da ita, kalma da kalma: "Mama, haƙƙinki ba zai salwanta ba." Har ita ya kwashe, ga sunansa shi kaɗai a ƙasa. Ana kuma raɗe-raɗin duk sashen da manhaja ta karɓi aikinsa, za a kai mutanensa ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ba taga sai kyankyasai. Na karanta tarihi, na san sai an tambayi mutanen gari hanya kafin a ci garinsu. Maigidana ya ce zargi ya yi mini yawa, shi da har yau ni ke buɗe masa saƙon waya.

Na ba Darakta da Na-Oga wa'adi zuwa Alhamis ta ƙarshen watan nan. In ba a buɗe mini damar shiga da sunana ba, zan rufe bakina, kuma ranar ƙaddamar da manhajar zan miƙe gaban manyan baƙi in maimaita wa Darakta alkawarinsa, har da masinjan.

Mai Tebur Kusa da Taga

Amsa:

'Yar'uwa, zarginki yana da tushe. Ilimin da ke tafiya hanya ɗaya ba musaya ba ne, kuma cire sunanki rashin adalci ne. Amma akwai wani zargin da ba ki yi ba: wataƙila Na-Oga bai iya abin sosai ba. Gajeren horo ba ya mai da mutum malami, kuma wanda yake tsoron a gano shi ba ya sakin linzami. Batun ɗakin kyankyasai kuwa har yanzu jita-jita ce. Ki tambayi Darakta kai tsaye, a rubuce.

Kada ki rufe baki. Manhajar za ta fito ko da ke ko ba ke, kuma in ta fito da kuskure, ba Na-Oga zai sha wahala ba, matar nan ce da kike ce wa Mama. Ki sa sharaɗi: kowace tambaya ya yi, sai ya matsa ki zauna a kujerarsa, ki ja akwatin da hannunki yana kallo. Ki haɗa kai da abokan aikinki ku nemi wani lasisin, ki kuma nemi a sa sunanki a matsayin mai duba tsarin fansho, domin dokoki suna canzawa, dole wani ya riƙa gyarawa.

Wa'adinki ya tsaya yadda yake. Idan ya wuce, ki kai kuka ƙungiyar ma'aikata, ba gaban baƙi ba, don shugaban da aka kunyata a taro ba ya mantawa. Ina so ranar ƙaddamarwa a gan ki a gaba, linzami a hannunki. Allah Ya bar miki tagarki.