Na Tattara Sunayen Unguwarmu, Yanzu Ina Tsoron Miƙawa

Assalamu alaikum jama'a. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya wahalar da ni, na gaji.

Ni bakanike ne a Apo, shekarata goma sha shida a Abuja. Ina zaune a wata unguwa bayan Orozo, dukkanmu baƙi ne, akwai 'yan Filato, 'yan Kudancin Kaduna, da mu 'yan Katsina. Ba makaranta na yi ba, kawai don na daɗe ne aka ɗora mini ciyaman.

Wata uku da suka wuce wata Hajiya daga kansil ta zo. Ta ce duk lokacin da ake tsara inda za a yi bohol ko asibiti, sunayen 'yan asalin gari kawai ke gabansu, mu a takarda kamar ba mutane a wurin. Ta ce in tattaro sunan kowa, da yawan iyalinsa, da shekarun da ya yi, a sa mu cikin tsarin baɗi. Maganarta ta shige ni, don matata a Keke ta haihu kan hanyar asibiti. Na bi gida gida ina lallashi, wasu sai da na rantse musu kafin suka ba ni.

To, ranar Laraba ma'aikatan da aka turo ƙirga gidaje suka zo da jan fenti, suna rubuta lamba a bango. Duk wanda ya zauna Abuja ya san me jan fenti a bango yake nufi. Yawancinmu rusau ne ya koro mu nan.

Kafin in dawo daga gareji unguwa ta hargitse. Maman Grace mai abinci a kasuwar Gudu ta tare ni a hanya, wai Oga Ciyaman nawa aka biya ka, ta ce in buldoza ta zo gidana za ta kwaso yaranta biyar. Wani ma har ya fara cire kwanon rufinsa. Na kira Hajiya, ta ce lambar ƙirga ce kawai, fentin da suka samu kenan. Na ce ta rubuta mini a takarda cewa ba rusau. Ta ce Baba wannan ba ofishinmu ba ne, ba zan iya ba.

Litinin mai zuwa take son takardar sunayen. In ban kai ba an rufe tsari babu mu. In na kai kuma aka zo da buldoza, ni na nuna ƙofar kowa da hannuna.

Ranar Alhamis da safe na fitar da takardar daga gida don kada a ƙwace, na kulle ta a but ɗin wata matacciyar mota a gareji. Tana can har yanzu. Jama'a ku gaya mini, in kai ko in mayar wa kowa sunansa?