Motar Auta Ba Ta Shiga Layinmu

Zuwa ga Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta son matakala. Ƙanwarka ta gama jarrabawa, Gwaggonku kuma idon ya yi sauƙi, har tana zura zare a allura da kanta.

Na ɗauki biro ne ban kira ka a waya ba, don idan na fara maganar nan murya takan ƙi ni, kuma ba na son ɗa ya ji kukan uwarsa. Maganar Auta ce da motarsa. Ka san tun da ya yi aure ya koma wancan gefen gari, kullum da safe sai ya biyo ta nan kafin ya wuce ofis. Ya durƙusa ya gaishe ni, in yi masa faɗan da ya samu, ya sha shayi ya tafi. To, bara ya shiga cikin wasu abokai masu son mota ta yi ƙasa kamar tana rarrafe, ya cire sifirin ƙafafun da kamfani ya sa mata, ya sa gajeru. Na gaya masa wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne, kuma motar zuwa aiki ba ta ado ba ce. Ya yi dariya ya ce zamani ne. Washegari ya zo shiga layinmu, cikin motar ya daki kankaren da ke kan kwatar bakin titi, salansa ta tsage. Daga nan ya koma ajiye ta a titi ya tako da ƙafa. Can sai ya ce masu talla sun cinye wurin ajiya da safe. Zuwan ya koma na ƙarshen mako, yanzu kuwa sai saƙon waya. Har yau hannuna bai daina auna ruwan shayin mutum biyu ba.

Matarsa, yarinyar kirki, ita ta faɗa mini shokozoba ɗin motar, masu hana ta jijjiga, duk sun mutu, gajeren sifirin ya cinye su. Motar tana jijjiga ta kamar an ɗora ta a kan jaki, ga ta da juna biyu. Dole a canja. Ta ce yana tsakanin abu biyu, kuma shawararka zai bi, tunda ni a wurinsa ban san mota ba. Gaskiya ne ban sani ba, shi ya sa na yafa mayafi na je garejin bakaniken da yake yi wa marigayi babanku gyara. Ya share mini benci, ya ɗauko irin abubuwan biyu da Auta yake tsakaninsu ya ajiye a gabana. Ya ce gajeren sifirin ya fi araha, amma tsayin da ya ba mota a nan za ta zauna. Ɗayan, wanda suke kira koyiloba, sifirin ne da shokozoba a haɗe, da zare a jikinsa irin na noti. A murɗa da sifana mota ta tashi, a murɗa ta sauka. Ya fi tsada, yana son kulawa, in aka sayi marar kyau kuma ya fi tauri a hanya. Na tambaye shi ko da shi mota za ta haye kwatarmu. Ya ce sarai, in an ɗaga ta. Sannan ya ƙara da cewa yawancin samarin da suke saye, ƙara sauke ta suke yi.

Babba, ba zan ɓoye maka ba, a hanyar dawowa har na yi niyyar in ce ka bar shi ya sake sa gajerun. Muddin suna jikin motar, ina da abin faɗa wa maƙwabta idan sun tambayi Auta, ina da abin faɗa wa kaina. In ya sa mai ɗagawa, aka ba shi sifana a hannu ya ƙi murɗawa, to babu sauran kwatar da zan ɗora wa laifi. Amma ban rene ku a kan ƙarya ba, ba kuma da tsufana zan fara yi wa kaina ita ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ka ce masa ya sa mai ɗagawa, ko don matarsa da abin da ke cikinta. Kada ka ce ni na aiko ka, kada ka gaya masa tsayin da zai ba ta, kada kuma ka roƙe shi ya zo. Gaisuwar da aka roƙa ba gaisuwa ba ce. Ka bar shi da sifana da zuciyarsa. Abin da ya zaɓa zan gani da idona, ko in ga rashinsa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce zanen da ta aiko ya iso, Allah ya yi mata albarka. Ka gai da takwarata, da angona mai wasa da karatu, ka ce masa in bai daina ba na fasa auren. Gwaggonku da ƙanwarka suna gaishe ku. Kai ma ka riƙe salla a kan lokaci, ka kuma rage dogon shirun nan naka.

Ni ce,
Mahaifiyarku.